Jitar da aka ciro daga tsohon murhu

A shekarar 1963, Brian May yana matashi a Feltham, yammacin Landan. Ransa na son jitar lantarki, amma kuɗin jitar Fender ya fi ƙarfin gidansu. Sai shi da mahaifinsa Harold, injiniyan lantarki, suka ce bari su ƙera tasu.

Wuyan jitar mahogani ne, ɗan'uwan maɗaci, daga katakon saman wani murhun ɗumama ɗaki da ya haura shekara 100. Ƙwari sun riga sun huhhuda shi, sai suka toshe ramukan da tsinken ashana. Tsakiyar jikin jitar katakon oak ne na wani tsohon tebur, mai tauri. Suka kewaye shi da katako mara nauyi mai kogo a ciki, suka lulluɓe da siririn mahogani ja. Inda yatsu ke danne tsirkiya kuwa, oak ne da baƙin fenti, fararen alamominsa maɓallai ne daga kayan ɗinkin mahaifiyarsa.

Aikin ya ci wajen shekara 2. Duk daular da ya samu a ƙungiyar mawaƙa ta Queen, wannan jita, Red Special, ita ce yake hawa dandamali da ita, yana kaɗa ta da tsohon sisin Ingila.