An cire ki daga kwamitin kashe wuta? Ga ƙofofin da za ki ƙwanƙwasa

Ƴan'uwa mata, shugabannin asusu da membobi, na Tasawa da na Mayahi.

Kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, kara da harawa suna bisa rumfa, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Kowace mace ta san wannan shi ne lokacin gobara. Garwashi ɗaya ya isa ya cinye noman shekara, wutar daji kuma ta lashe hakin da bisashe za su ci har damina. Ƴan kwana-kwana na gwamnati sojoji ne, lambarsu 18, amma a birane suke zaune. Kafin mota ta kai wani ƙauye na Urafan ko Kanambakashe, ai sai toka. Shi ya sa garuruwa da yawa suka kafa kwamitin ƴan sa-kai, waɗansu da taimakon ma'aikatan gandun daji, waɗansu ta hanyar foroje ko Kuruwa Ruj. Maza na share hanyar tare wuta, mu mata muna ɗebo ruwa, muna zagaya gidaje muna gargaɗi a kashe murhu kafin a tafi rijiya, sau da yawa kuma mu ke riƙe kuɗin kwamiti, don an san asusu ya koya mana lissafi.

To, ana cikin haka sai ki ji an cire wance. Wata a cikin ƙungiyoyinmu ta yi shekaru tana wannan aiki, ran da aka zo rubuta sunayen waɗanda za a biya kuɗin sharar hanyar wuta sai ta tarar babu sunanta. Ba a kira ta ba, ba a faɗa mata laifinta ba, a bakin rijiya ta ji wai an ce kayan aiki sun ɓace a hannunta. Aka ce ta yi haƙuri, ai aikin Allah ne. Haƙuri abu ne mai kyau, amma mu ba mu yarda a yi wa mace sata ta suna sannan a ce ta rufe baki ba. Aikin sa-kai ba bauta ba ne. Wadda ba a biyanta albashi ma tana da haƙƙi, sai dai ta san wane haƙƙi ne, ta kuma san ƙofar da ake neman shi.

Abu na farko, ki zauna ki tambayi kanki: mene ne aka ƙwace mani? Amsa uku ce, kowace da hanyarta. Ko kujerarki ce cikin kwamiti, ko kuɗin aikin da kika riga kika yi, ko kuwa sunanki.

In kujera ce, takardar dokokin kwamiti ita ce shari'arku. A Nijar ƙungiyoyi suna ƙarƙashin doka mai lamba 84-06 ta 1 ga Maris 1984, kuma ƙungiyar da ta yi rajista tana da dokokinta a rubuce. A ciki ake faɗin yadda ake shiga, yadda ake fita, da wanda ke da ikon kora. Ki nemi a karanta maki su gaban shaidu. In an rubuta cewa babban taro ne ke kora, to shugaba shi kaɗai ba shi da wannan iko, ko da ɗan sarki ne. Ki nemi abu uku: a faɗa maki laifin, a saurare ki, a ba ki hukuncin a rubuce. In ba ki iya rubutu ba, sakatariyar asusunku ta rubuta maki wasiƙa kwafi biyu, a kai ɗaya, a sa hannu bisa ɗayar da kwanan wata, ki adana. In kwamitin ba shi da komai a rubuce, sai ki nemi a tara waɗanda suka zaɓe ku tun farko, don su ne suka ba da kujerar. In kuwa ma'aikatar magajin gari ko wani biro na gwamnati ne ya cire ki, can za ki fara kai wasiƙar neman a sake duba maganar, kuma da wuri, don irin wannan ƙorafi yana da wa'adi.

Gaskiya ɗaya za mu faɗa a nan, kada wani ya ci kuɗinki da alkawarin banza: da wuya alƙali ya tilasta wa mutane su koma aiki da ke a aikin da babu albashi. Abin da aka fi samu shi ne a gane an taka doka, a sake zama, a saurare ki. Sau da yawa wannan ma ya isa.

In kuɗi ne, magana ta sake. Dokar ƙwadago ta ƙasarmu, mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumba 2012, ta ce ma'aikaci shi ne wanda ke yi wa wani aiki ƙarƙashin umurninsa, ana biyan shi. Ɗan sa-kai na gaskiya ba ya cikin wannan, don haka ba shi da kuɗin sallama. Amma suna ba shi ne aiki ba. In ana kiran ki ƴar sa-kai alhali an yanka maki lokacin zuwa da na tashi, akwai mai ba ki umurni, ana kuma biyan ki kowane wata, to ki je biron sufeton ƙwadago a Maraɗi ki kwance masa labarin duka, shi zai duba ko dokar ta shafe ki. Aikinsa ne ya kira ɓangarori biyu ya gwada sulhu, in ya ƙi sai kotu. In kuma aikin kwanaki ne irin na gina-ka-ci, ana biya bisa yini ko bisa tsawon hanyar da aka share, to kwanakin da kika yi bashi ne a kansu. Cire sunanki yau ba ya goge gumin jiya. Ko jika biyu ne, naki ne. Hujjarki ita ce takardar kiran suna, da katin aiki in an ba ki, da matan da kuka yi aiki tare. Ki fara da mai kula da foroje ɗin, ki tambaya ko suna da kwamitin karɓar ƙorafi, don da yawansu suna da shi.

In suna ne, wannan shi ya fi ciwo. Mace da aka ce ta ci amana, gobe wa zai ba ta bashi a asusu? Wa zai ba ta makullin akwati? Kafin komai, duk abin da ke hannunki na kwamiti, bokiti ne, shebur ne, riga ce, littafin kuɗi ne, ki mayar gaban shaidu, a ƙirga, a rubuta, a sa hannu. Kada fushi ya sa ki aika yaro da su. Sannan ki nemi wanda ya faɗi maganar ya kawo hujja ko ya janye ta a gaban mutanen da ya faɗe ta. Ɓata suna laifi ne a dokokin Nijar, ana iya kai ƙara wurin jandarma ko wurin mai gabatar da ƙara.

Amma kafin jandarma akwai ƙofar gida. Dokar sarauta ta 2015 ta ba maigari da sarki ikon sasanta mutane. Ku riƙe wannan kalma: sasantawa. Ba su da ikon tilasta maki karɓar abin da ba ki yarda da shi ba. An shirya ko ba a shirya ba, ana rubuta takarda, ki nemi taki. In ba a shirya ba, da ita za ki wuce kotu, kuma akwai kotu a Tasawa, akwai a Mayahi, ba sai kin biya mota zuwa Maraɗi ba. Wadda ke tsoron tsadar shari'a ta sani cewa tun 2011 gwamnati ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon jama'a kan shari'a. Tana da biro a babbar kotun Maraɗi, shawara a wurinsu kyauta ce, marar ƙarfi kuma tana iya neman a ba ta mai kare ta.

Mun san abin da ke hana mace tashi. Shugaban kwamiti wataƙila ƙanin mijinta ne, ko surukin maigari. Ta buɗe baki a ce ta cika fitina. Shi ya sa muke cewa kada ta tafi ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shugabar asusu da sakatariya su raka ta, a yi wa maigida bayani tun a gida, kuɗin mota kuma a fidda daga asusun taimako, ai don irin wannan rana muke zuba dala-dalarmu. A tafi da ladabi, a gaida manya, a faɗi magana ba zagi. In bincike ya nuna ƴar'uwarmu ce da laifi, mu ma mu faɗa mata, ta biya. Abin da muke nema a saurari mutum kafin a hukunta shi.

Wannan ba baƙon abu ba ne wurinmu. Tun 1991 da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi tare da CARE, ba mu korar mace a bayan idonta. Dokokinmu mu muka tsara su, kowa ta san tarar makara da ta fashi, akwati ba ya buɗuwa sai gaban kowa. Abin da ya riƙe asusunmu shekaru sama da 30 shi zai riƙe kwamitin wuta. Duk garin da ake korar ƴan sa-kai ba bisa ƙa'ida ba, gobe in an yi kururuwa mutane kaɗan za su fito, kuma wuta ba ta tambayar rumbun wa ne.

Don haka ga aikin taron wannan mako. Kowace ƙungiya ta tambaya: kwamitin wutar garinmu yana da dokoki a rubuce? Wa ke da ikon cire mutum? In an zo da aikin kuɗi, wa ke rubuta sunaye, a gaban wa? In ba a rubuta ba, mu nemi maigari ya tara mutane a rubuta yanzu, tun ba a ɓata da kowa ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya tsare mana rumbunanmu da ɗiyanmu, ya sa mu ga damina lafiya. Amin.