Tiyar hatsi ta Inna

Ni malamin karatun manya ne a wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi. Kirista ne ni, ɗan Katolika. Ɗalibaina yawancinsu Musulmi ne, kuma sun sha tambaya ta: "Malam, ku ma kuna azumi?" Muna yi. Namu kwana 40 ne, don tunawa da kwana 40 da Yesu ya yi cikin jeji bai ci abinci ba. Yana farawa ranar Larabar Toka, ya kai mu bakin Ista. Ba a lissafa Lahadi a ciki. Ba a hana mu ruwa ba. Ranar Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu, ci guda ake yi mai ƙoshi. Kowace Juma'a kuma a bar nama. Sauran, kowa ya zaɓi abin da zai bari.

A shekarar 2025 namu ya fara ran 5 ga Maris, kwana kaɗan bayan an ɗauki azumin Ramalana. Sai na ce ba za a bar ni baya ba. Na bar hurar rana, na bar har ruwa, abin da ba wanda ya ɗora mini. Na riƙa shiga aji da busasshen baki, ina tuma huska don a gani. Rannan wani dattijo ya kasa bambanta b da ɓ, sau uku. Na daka mishi tsawa gaban ƙannensa. Ya ajiye alli, ya ce: "Malam, mu ma da ƙishirwa muke." Washegari bai zo ba.

Da dare na faɗa ma Inna. Ba ta iya karatu ba, amma ta haddace abin da ake karantawa a majami'a. Ta tuna mini da sura ta 6 ta Matiyu, inda Yesu ya hana mai azumi ɓata huska don mutane su yabe shi. Na ce, to ke fa, Inna, mi kika bari? Nama?

Ta yi dariya. "Wane nama, ɗana? Rabonmu da shi tun Kirsimati."

Sai ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin gado. Ashe duk ranar da ta bar hurar rana, takan ɗebe hatsin da za ta daka, ta zuba nan. In ya cika tiya, sai ta kai ma wata gwauruwa bayan gidanmu, da magariba, kafin yara su gani. Lokacin rani ne fa, rumbunmu ya yi ƙasa. Ni kuwa kuɗin hurata na cikin aljihu, ko dala ban ba kowa ba. Wannan rabon abinci da mayunwaci shi ne azumin da annabi Ishaya ya yi magana a kai cikin sura ta 58. Na karanta ta sau nawa, Inna ce ke yin ta.

Da safe na sha ruwa, na wanke huska, na tafi gidan dattijon. Na iske shi yana gyaran danga. Na durƙusa na ce: "Baba, na yi laifi." Ya daɗe bai tanka ba. Daga baya ya ce in zo da allon bayan la'asar, mu sake duba wannan ɓ mai ƙugiya.