Wagashin da ba na Fulani ba: abin da muka ci a Japan

'Yan uwa da yawa sun tare mu a ƙofar masallaci suna tambayar yadda muka ƙare da abinci a Japan, shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta amsar sau ɗaya, kowa ya karanta a gidansa.

Dalilin tafiyar shi ne ƙaninmu, wanda ya yi shekara 2 yana karatu a birnin Kobe, ya kammala a watan Satumba na 2025. Mu huɗu muka tafi: Inna, da mu, da mai ɗakinmu, da ɗanmu ɗan shekara 7. Malam bai je ba, ya ce liman ba ya barin sahu don kallon bikin takarda. Gidanmu na Tourou bai da nisa da filin jirgin da aka fara ginawa a zamanin Shugaba Boni Yayi, amma duk da haka sai da muka shiga mota muka yi tafiyar fiye da kilomita 400 zuwa Kwatano, daga can jirgi ya kai mu Istambul, wani kuma ya sauke mu a filin Kansai, wanda aka gina bisa tsibirin da mutane suka cike teku suka yi.

Abin da ya fara girgiza Inna ba abinci ba ne, alƙibla ce. A ɗakin salla na filin jirgin ƙaninmu ya tsayar da mu muna fuskantar yamma. Inna ta ce ita tun da aka haife ta gabas take kallo, ba za ta juya wa gabas baya a tsufanta ba. Da ƙyar muka fahimtar da ita cewa mun wuce Makka, mun bar ta a bayanmu, yanzu Ka'aba tana wajen faɗuwar rana. Ta yi sallar, amma bayan sallama sai ta ce a buga wa Malam waya. Tsakanin Japan da Benin akwai awa 8, don haka muka same shi bai daɗe da dawowa daga sallar asuba ba. Ya yi dariya, ya ce mata Ka'aba ake fuskanta, ba rana ba.

Ba mu ɓoye ba, da tsoro muka tafi. Inna ta cika jaka da garin rogo da yaji da kuɓewa busasshiya, domin an gaya mata mutanen can ɗanyen kifi da alade kawai suke ci. A ƙarƙashin wannan kuwa akwai wata damuwa da ba ta furta ba sai a dare na biyu: shin yaronta ya yi shekara 2 yana cin haram? Ta tambaye shi a gabanmu. Maimakon ya yi rantsuwa, sai ya ɗauke mu washegari zuwa kantin unguwa, ya nuna mana yadda yake sayayya. Ya haddace alamar rubutunsu ta alade da ta giya, yana juya kowane ƙunshi yana karanta bayansa kafin ya sa a kwando. Ya ce naman alade a faranti ba shi ne abin tsoro ba, kowa yana ganinsa. Abin tsoro shi ne wanda ya ɓuya: romon taliyar da suke kira ramen, wanda sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi, da kitsen da ake sa wa burodi, da wani ruwa mai zaƙi da ake kira mirin, wanda giyar shinkafa ce da suke zubawa a girki kamar yadda matanmu suke jefa dunƙulen magi. Nama kuwa ba ya saye sai a shagunan halal da ke kusa da masallacin Kobe. Inna ta yi shiru tana kallonsa, sannan ta ce, Allah ya yi maka albarka.

Masallacin nan ya cancanci a ambace shi. An buɗe shi a 1935 da kuɗin 'yan kasuwa Musulmi, Indiyawa da Tatar da Turkawa, ya tsira daga ruwan bama-bamai na 1945, ya kuma tsira daga girgizar ƙasa ta 17 ga Janairu 1995 wadda ta kashe mutum fiye da 6,000. A can muka yi Juma'a tare da 'yan Indunusiya da Pakistan da Japanawa da suka musulunta.

Jarrabawa ta gaske ta zo ne ranar da tsohuwar da ƙaninmu yake haya a gidanta ta gayyace mu cin abinci. Kafin mu tafi muka sake neman Malam. Ya ce mana a mazhabarmu ta Malikiyya abin da ke rayuwa cikin teku halal ne, a dafe ko ɗanye. Abin da aka zuba wa giya da hannu mu bar shi. Abin da muka yi shakka mu tambaya da ladabi. Ya kuma tuna mana cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo, bai ci ba domin ba abincin ƙasarsu ba ne, amma bai haramta ba, aka ci a gabansa. Ya ce kada mu mayar da ƙyamarmu ta zama shari'a, kada kuma kunyar mai gida ta sa mu haɗiye abin da muka san haram ne.

Muka cire takalma a bakin ƙofa kamar masu shiga masallaci, muka zauna a kan tabarma gaban wani gajeren tebur, aka ba kowa ɗan tawul mai ɗumi ya goge hannu. Ashe matar ta yi mako guda tana tambayar ƙaninmu, har ta je ta sayo ruwan waken soya mai hatimin halal, ta ajiye mirin ɗinta gefe. Aka kawo yankakken kifi ɗanye a kan 'yan curin shinkafa. Mu dai mun ci, kuma gaskiya ba shi da ƙarni ko kaɗan, sai laushi da sanyi; abin da ya sa mu hawaye shi ne wani koren yaji mai suna wasabi, wanda ba ya ƙona harshe, hanci yake hawa. Mai ɗakinmu ta ci ɗaya don girmamawa ta tsaya. Inna ko kallonsa ba ta yi ba.

Sai aka kawo wani ɗan kwano na wake mai yauƙi, mai jan zare, wanda ƙaninmu ya ce natto ne, kuma baƙi da yawa gudunsa suke yi saboda wari. Inna ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago ta ce, ai wannan daddawa ce. Muka ce a'a, Inna. Ta ce kada mu koya mata aikin da ta yi shekara 40 tana yi a Djougou kafin mu san hannunmu na dama. Ta sa ƙaninmu ya tambayi matar yadda ake yi: a jiƙa waken soya, a dafa shi ya yi luguf, a rufe shi a wuri mai ɗumi kamar kwana guda, a da cikin karan shinkafa ake naɗe shi. Inna ta ce haka ake yi wa kalwa, sai dai ita kwana 3 take barinta, kuma a miya ake sa ta, ba a ci da cokali. Ita ce da gaskiya, domin ƙwayar halitta iri ɗaya ce take ruɓar da su duka biyun. Daga nan bakinta ya buɗe. Ta ga tofu ta ce awara ce da ba a soya ba. Ta ga kuɓewa, wadda su ma okura suke ce mata. Da aka nuna mata hoton yadda suke kirɓa shinkafa a turmi lokacin sabuwar shekara, mutum ɗaya na duka ɗaya na juyawa, ta ce sakwara ce, doya kawai suka rasa.

Kwano ɗaya ne ya kawo cikas. Wani dafaffen kifi ne mai zaƙi da matar ta sayo a kanti don ta ƙara mana. Ƙaninmu ya nemi ganin ƙunshin, ya karanta, ya ga mirin. Muka bar shi. Fuskar matar ta canja, ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri, mu ma kunya ta kama mu, domin mun san nauyin a mayar wa mai gida abincinsa. Inna ce ta gyara, ba tare da kalma ɗaya ta Japananci ba: ta miƙa kwanonta a ƙara mata natto, ta ciro ƙullin yajinta daga jaka ta barbaɗa, ta miƙa wa matar ita ma ta ɗanɗana. Tsohuwar ta yi tari har da hawaye, ta yi dariya, ta roƙi a bar mata sauran.

A ƙarshe aka ce ga wagashi nan zuwa. Ɗanmu ya yi tsalle, yana jiran cukun Fulani irin wanda muke saya a kasuwar Arzèkè, wanda ake daskarar da madararsa da tumfafiya a rina bayansa ja da karan dafi. Sai ga wasu 'yan ƙananan alewa masu siffar fure, na garin shinkafa da jan wake mai sukari, tare da koren shayi mai ɗaci. A harshensu wagashi sunan kayan zaƙin gargajiya ne. Yaron ya juya shi, ya dubi Inna, ya ce su Fulanin nan ba su da shanu ne?

Da muka dawo Tourou mun kawo wa Malam koren shayin da akwati ɗaya na wagashin, bayan ƙaninmu ya karanta bayansa sau biyu. Ya yi bisimilla ya ci ɗaya bayan la'asar, ya raba sauran ga almajirai. Shayin kuwa ya ce a ƙara masa sukari da na'ana'a. Inna ta riga ta aika Djougou a auno mata waken soya tiya biyu, ta ce za ta gwada na kwana guda ta gani.