Makaɗin Da Ya Zauna A Baya

Na daɗe ina son in kawo wannan magana a mujallarmu, amma kullum sai in ji nauyi, don na san wasu 'yan'uwa za su ce me ya haɗa malamin Hausa da kiɗan Turawa. To, da farko dai ba na Turawa ba ne, kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan nahiya tamu. Na biyu kuma, akwai wani laifi da na yi wa wani yaro ɗalibina, wanda ban gane girmansa ba sai ta dalilin wani faifai.

Kawuna, Allah Ya jiƙansa, yana da rumfar gyaran rediyo da rakoda a Samarun Zariya, can nake zuwa hutu ina yaro. In dare ya yi sai ya kamo Muryar Amurka a gajeren zango, ya saurari shirin jaz na wani mutum mai suna Willis Conover, wanda ya yi ta gabatar da shi tun 1955 har rasuwarsa a 1996. Ni kuwa a lokacin Shata da Ɗanƙwairo na sani, wannan kuma ji nake kamar an saki agwagi a kasuwa. In na yi dariya sai Kawu ya ce, “Bar shi ɗana, kunnenka ne bai nuna ba tukuna.” Shi ne ya fara gaya mini cewa wani babban mai busa na Amurka, Yusef Lateef, ya zauna a nan Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, har ya nazarci sarewar Fulani. Kawu kan yi alfahari da wannan kamar shi ya gayyato shi.

Da ya rasu aka zo rabon kaya, ba wanda ya kula da wani akwatin kwali cike da fayafayan garmaho, sai aka tura mini. A ciki na sami wanda ake kira Moanin', na Art Blakey da ƙungiyarsa ta Jazz Messengers, wanda kamfanin Blue Note ya ɗauka ranar 30 ga Oktoba, 1958.

Bari in ɗan yi bayani saboda wanda bai taɓa ji ba. A shekarun 1940 su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da wani salo mai gudu da wuyar bi, wanda sai gwanaye. Da aka shiga tsakiyar shekarun 1950 sai wasu samari suka riƙe wannan gwaninta, amma suka mayar mata da gishirin gida, wato kukan zucin waƙoƙin baƙaƙen fata da amon majami'unsu. Wannan shi aka sa wa suna hard bop. Tsarinsa ba shi da wuya: a taru a busa uwar kiɗan sau ɗaya, sa'an nan kowa ya fito shi kaɗai ya ƙaga nasa nan take a kan wannan turba, in an zagaya a koma kan uwar a rufe. Kamar dai malami ya ba aji kan magana guda, kowa ya rubuto abin da ke cikinsa.

Kiɗan farko a faifan shi ya fara buɗe mini kunne. Mai fiyano ya yi kira, masu busa su amsa da sauti biyu kacal, ya sake kira su sake amsawa. Na ce ashe! Ai wannan jagora ne da 'yan amshinsa. Daga nan sai Lee Morgan ya shigo da ƙahonsa kamar ya balle ƙofa, yaro ɗan shekara 20. Yana direwa Benny Golson ya cafe jimlarsa ta ƙarshe da saksofon, ya ɗora nasa a kai. Sai Bobby Timmons a fiyano, sai Jymie Merritt da ƙaton molon nan da ake kaɗawa a tsaye. Minti tara da 'yan kai, kowa ya sami fili, ban da mutum ɗaya: mai ƙungiyar.

Wannan abu ya ɗaure mini kai. Fuskar Blakey ce ta cika bangon faifan, sunansa ne a sama, ya girmi Morgan da kusan shekara 19. Amma a kiɗan da ya fi kowane fice bai ware wa kansa fili ba. Yana can baya da gangunansa, in mai busa ya fara sanyi sai ka ji ya narko masa wani rugugi daga ƙasa, kamar hadari na tasowa, ya ingiza shi gaba. Da na duba bayan bangon kuma sai na ga cikin kiɗa shida babu ko ɗaya da shi ya tsara. Huɗu na Golson ne, ɗaya tsohuwar waƙa ce da aka sani, na farkon kuwa na Timmons ne, mai shekara 22. Shi ma ɗan guntun abu ne da yake taɓawa a fiyano tsakanin kiɗa da kiɗa, Golson ya matsa masa ya je ya ƙarasa. Bai karɓa ya ƙarasa masa ba.

Haka Blakey ya yi ta yi fiye da shekara 30. Tun a 1954, a gidan kiɗa na Birdland a birnin New York, ya gaya wa jama'a cewa shi da matasa zai zauna, in waɗannan sun tsufa ya nemo wasu. Clifford Brown na gefensa a wannan dare. Daga baya Wayne Shorter da Freddie Hubbard suka bi ta hannunsa, har zuwa Wynton Marsalis a 1980. In yaro ya goge sai ya tafi ya kafa tasa ƙungiya. Mutumin ya musulunta tun ƙarshen shekarun 1940, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ya rasu a 1990. Wasu yaran nasa ma sun riga shi: Brown a haɗarin mota a 1956 yana da shekara 25, Morgan kuma harbe shi aka yi a 1972 yana da 33. Da ya ce su jira sai sun girma, da ba mu ji su ba.

To, ga laifin nawa. A 2016 ina kula da ƙungiyar marubuta ta makarantarmu, sai wani yaro ɗan aji biyar, wanda zan sakaya sunansa, ya kawo mini labari a littafin rubutu mai shafi arba'in. Labarin mahaifinsa ne, ɗan garuwa, ranar da ƙafar kurarsa ta karye a tsakiyar titi, jarkoki suka zube, ruwan ya bi rariya. Ya ƙare labarin da tsohon zaune a bakin kwata yana kallon ƙafar kurar, shi ke nan. Hausar ta ƙauye ce, ba waƙafi ba aya, amma da na karanta sai da na ajiye na yi shiru.

Maimakon in mayar masa in ce ya gyara, sai na zaro jan biro. Na sauya kalmomin garinsu da daidaitacciyar Hausa. Na cusa karin magana har guda biyar, don a san an bi ta hannun malami. Ƙarshen kuma na ga ya yi duhu, sai na ƙago wani Alhaji mai mota da ya tsaya ya saya wa tsohon sabuwar kura. Ranar taron iyaye da malamai aka karanta, aka yi ta tafi, shugaban makaranta ya miƙo mini hannu. Da aka watse yaron ya zo ya rusuna ya ce, “Malam, labarinka ya yi daɗi.” Wallahi a lokacin yabo na ɗauka. Bai sake kawo mini ko layi ɗaya ba har ya gama, ni kuma na sa shi cikin jerin malalata.

Sai bayan shekaru, wani dare an ɗauke wuta ina sauraron Moanin' a waya, don allurar garmahon Kawu ta daɗe da lalacewa, ina jiran inda mai ganga zai fito ya nuna kansa alhali na san ba zai fito ba, kawai sai maganar yaron ta faɗo mini. Labarinka. Na tashi da tocila na tono littafin a cikin tarkacen takardu. Shafi bakwai ne, ja ya rinjayi shuɗi a kowanne. Ba na cewa gyara laifi ne, mu malamai da shi muke cin abinci, kuma da yawa cikin littattafan da ke kasuwa sun fito ne ba su ga jan biro ba, abin kunya. Amma abin da na yi ya wuce gyara. Ƙwace masa ƙaho na yi na busa da kaina.

Bara na yi cigiya aka nuna mini inda yake, yana gyaran waya a wata rumfa kusa da tasha, ya yi aure har da 'ya. Ya taso da sauri ya ba ni benci, ya aika a sayo mini lemo. Bayan mun gaisa na fito da littafin na miƙa masa, na ce na zo ne in mayar masa da kayansa, kuma ya yafe mini. Ya ce, “Haba Malam, wane laifi?” Ya buɗe yana bi da yatsa, yana laluben rubutunsa a ƙarƙashin nawa, har ya kai shafin ƙarshe inda na soke nasa na rubuta nawa a gefe. Ya daɗe a wurin. Na tambaye shi jikin Baba, ya ce yana nan, sai dai ƙafa ta hana shi tura kura.

Sa'an nan ya rufe littafin ya sa a aljihun gaba, ya yi ɗan murmushi ya ce, “Malam, har yau dai Alhajin nan naka bai zo ba.”