Ziyararmu Barking da Zancen Aron Kayan Gado

Ga labarin abin da muka gano a Barking, wata unguwa a gabashin birnin Landan, inda muka sauka a gidan wani ɗan'uwanmu ɗan zango.

Barking tsohon garin masunta ne a bakin kogin Roding. A tsakiyarsa akwai kangon wani gidan ibada na Kirista wanda aka kafa wajen shekarar 666, aka rufe shi a 1539. Yanzu sai tushen gini da wata ƙofa mai soro. A kasuwar garin kuwa mun ga doya da manja da barkono, har muka ce ko Kumasi muka koma.

Da dare mai masaukinmu ya fito da wani kundi daga gafaka, rubutun ajami na kakansa, wanda ya yi fataucin goro tsakanin Salaga da Kano. Ya ce wani gidan kayan tarihi ya nemi aronsa wata shida don a nuna wa jama'a. Yana so, amma yana tsoro: in gobara ta ci, ko ɓarawo ya ɗauke, wa zai biya?

Kashegari muka hau mota zuwa Valence House a Dagenham, gidan kayan tarihi na hukumar yankin, don mu ga yadda suke yi. A can akwai hotunan zuriyar Fanshawe, waɗanda aka ba gidan kyauta a 1963. Akwai kuma wani gunkin itace da aka tono a fadama a 1922, ya haura shekara 4,000. Shi wannan aro ne daga gidan kayan tarihi na Colchester. Gida ɗaya ne ke tsare su, amma hukuncinsu dabam: kyauta ta fita hannun mai ita, aro kuwa yana da ubangiji.

To, ga yadda al'adarsu take. Kafin kaya ya bar gida, sai a rubuta yarjejeniya. A yi masa kuɗi, mai kaya da mai aro su amince. A duba lafiyarsa, a rubuta kowane tabo da kowace yagewa, a ɗauki hoto. Sa'an nan a faɗi wanda ya ɗauki nauyin inshora, tun daga ƙofar mai kaya har ya komo. Sau da yawa inshorar gida ba ta bin kaya in ya fita. Tun 1980 kuma akwai doka a Ingila wadda ta ba gwamnati ikon tsaya wa kayan aro: in gidan tarihi ya cika sharuɗɗan tsaro da sanyi da ɗauka, gwamnati ce mai biya in an yi hasara. Amma ba ta biyan lalacewar da kaya ya zo da ita.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya karanta Risala ya san aro dabam, ajiya dabam. Mai riƙon ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci. Mai aron abin da ake iya ɓoyewa, kamar tufa ko littafi, shi ne da lamuni, sai in ya kawo shaidar halakarsa. Ko kayan zinariyar Asante guda 32 da suka zo fadar Manhyia daga Landan a 2024, da takardar aron shekara uku suka zo.

Jama'a, gidajenmu na zango cike suke da kundaye da takubba da rigunan kakanni. In masu bincike sun zo nema, kada kunya ta hana ku neman takarda. Kuma ku sani kuɗi ba ya mayar da rubutun kaka, don haka a kwafe shi tukuna.

Daren da za mu taso, muka zauna da mai masaukinmu muka ƙirga ganyen kundin ɗaya bayan ɗaya, muka sa wa kowane lamba, muka ɗauki hotonsa. Ya ce in takarda ta zo da waɗannan sharuɗɗa zai ba da aro, in babu, kundi ya koma gafaka. Allah ya tsare mana abin da magabata suka bari. Wassalam.