Lambobi biyu a gwangwanin madara

A gidanmu akwai wani tsohon gwangwanin madara wanda murfinsa ya yi tsatsa. Tun ina yaro na san shi a ƙarƙashin gadon kakana na wajen uwa, wanda duk unguwa ke kira Mazan Jiya. Lambobin yaƙi biyu ne a ciki. Ɗaya tauraro ce mai tsini shida, wadda Ingila ta ba sojojinta da suka yi yaƙin Bama. Ɗayar zagayayya ce ta tagulla, ta ɗan fi kwandalar dala ashirin faɗi. A gabanta akwai hankaka ya buɗe fikafikai tsakanin tutoci biyu, a bayanta duwatsu da gajimare da wani rubutu da babu mai iya karantawa a duk danginmu. Mu yara muna ce mata kuɗin aljanu.

Kakana mutumin wani ƙauye ne kudu da Maraɗi. Lokacin yaƙin Hitila, da aikin tilas da harajin Faransa suka matsa, ya tsallaka Katsina kamar yadda samari da dama suka yi. Can ya shiga sojan Ingila, aka kai su Bama, wadda yau ake kira Miyanma, cikin runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka gwabza da sojan Japan a yankin Arakan. Japan ta miƙa wuya a watan Agustan 1945, amma su ba a maido su gida ba sai 1946. A wannan zaman jiran ne, in ji shi, wani fursuna ɗan Japan ya miƙa masa lambar, shi kuma ya ba shi taba. Ba su ji yaren juna ba. Abin da kakana ya riƙe kawai shi ne mutumin ya rame sosai, kuma da hannu biyu ya miƙo ta.

Sai wajen 2008 na san abin da aka rubuta a jikinta. Lokacin akwai matasan Japan ƴan sa-kai da hukumar JICA ke turowa Nijar, wasu na aiki da makarantu. A wani taron ƙara wa malamai sani na haɗu da ɗaya daga cikinsu, budurwa mai ɗan jin Hausa. Kashegari na zo mata da lambar a aljihu, ina murmushi, ina jin zan burge ta. Ta karɓa, ta juya bayanta, ta yi shiru. Sannan ta ce, «Mushe, ina ka samu wannan?»

Ta karanta mini haruffa huɗun da ke baya: Shina jihen, wato “rikicin Sin”. Ta ce kalmar Shina ma yanzu ba a faɗinta, domin mutanen Sin na jin ta kamar zagi. Lambar ta waɗanda suka yi yaƙin da Japan ta ƙaddamar a ƙasar Sin ce daga Yulin 1937, yaƙin da gwamnatinsu ta ƙi kira yaƙi, ta ce rikici ne. An ƙirƙiri lambar a 1939, an raba ta ga miliyoyin mutane. Ke nan fursunan kakana ya yi Sin kafin a kai shi Bama. Na tambaye ta sunansa. Ta sake duba gaba da baya da gefe, ta ce babu suna, kuma ba a sawa. Sunan yana jikin takarda.

Wannan magana ce ta sa na shiga bin diddigin lambobin Japan, kuma duk abin da na koya daga baya ya komo kanta. Japan ba ta sassaƙa sunan mutum a jikin irin wannan lamba. Dubu ɗari za su fito daga gidan buga kuɗi na Osaka, kowace kamar ƴar'uwarta. Abin da ke ɗaure lamba da mutum shi ne takardar shaida da ofishin lambobin girma na gwamnati ke bayarwa. Takarda ce mai kauri, rubutunta daga sama zuwa ƙasa, layukan daga dama zuwa hagu. Akwai sunan mutum da muƙaminsa da ranar bayarwa da lambar rajistarsa a kundin ofishin, ga jan hatimi. In babbar lambar girma ce, hatimin ƙasa ake bugawa, a manyan darajoji ma Sarkin Japan da kansa ke sa hannu. Kwanan wata kuwa da shekarun sarauta ake lissafa shi: mulkin Meiji ya fara 1868, Taisho 1912, Showa 1926. Wanda ya ga “Showa 15” ya san 1940 ake nufi. Takardu masu yawan gaske na yaƙin Sin suna ɗauke da rana guda, 29 ga Afirilun 1940, ranar haihuwar Sarki Hirohito, kamar yadda na yaƙin Rasha da Japan na 1904 zuwa 1905 ke ɗauke da 1 ga Afirilun 1906. Na taɓa ba ƴan ajina wannan lissafi a darasin ƙidaya, sun fi jin daɗinsa da lissafin buhunan gero.

Lambobin iri biyu ne, kuma masu tarawa na bambanta su sosai. Akwai ta halartar yaƙi, irin tamu, wadda duk wanda ya je yake samu, jarumi da matsoraci. Akwai kuma lambobin girma masu daraja-daraja. Ta fari ita ce ta Fitowar Rana, tun 1875. Sai ta Taska Mai Tsarki a 1888. Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta Shirwar Zinariya, wadda aka kafa a 1890 don soja kawai, mai daraja bakwai. Labarinta daga tatsuniyar kafuwar ƙasarsu yake: wai wata shirwa mai ƙyalli ta sauka a kan bakan Jimmu, sarkinsu na fari, haskenta ya kashe idon abokan gaba. Mu nan shirwa ɓarauniyar ƴan tsaki ce, su can ta zama tambarin jarunta. An soke wannan lamba a 1947, shekarar da sabon kundin tsarin mulkinsu ya fara aiki, wanda ya ce lambar girma ba ta ba mai ita wani gata, kuma ba a gadonta. Akwai ma wata da aka ƙirƙira a 1944 don babban yaƙin Asiya, wanda ya haɗa da Bama, amma an ci Japan kafin a raba ta.

A Turai da Amurka da Japan ɗin kanta akwai mutanen da tara waɗannan abubuwa ne sha'awarsu. Da fari na ɗauke su masu kuɗin da suka rasa abin yi. Daga baya na ga akwai ilimi a lamarin. Sun san irin akwatin da kowace lamba ke zuwa ciki, baƙi mai sheƙi na manyan lambobi, na katako ko kwali na ƙanana. Suna gane zamani daga salon rubutun murfi da yadda aka ɗinka maƙalin ƙyallen alhariniyar. Kuma a wurinsu lamba tsirara irin tamu ba ta da wani kuɗi, tunda tana da yawa kamar tsakuwa. Abin nema shi ne kayan mutum guda a haɗe: lambobinsa, akwatunansu, takardunsa, in an yi sa'a har da hotonsa da littafinsa na soja. Daga nan kana iya bin rayuwarsa, yaushe ya shiga, ina aka kai shi, yaushe aka ƙara masa girma.

Inda na ƙi su shi ne wajen ƴan kasuwar cikinsu. Wani zai sayi kayan mutum guda daga magada, ya ga in ya rarraba ya fi samun riba, sai ya sayar da lamba ga wannan, takarda ga wancan, akwati ga na uku. Ya ci ribarsa, mutumin kuma ya ɓace har abada, don babu mai iya sake haɗa lamba marar suna da takardarta. Kwatanta da tutocin da sojan Japan ke tafiya da su fagen fama, waɗanda dangi da maƙwabta ke rubuta sunayensu a kai. Saboda waɗannan sunaye, wata ƙungiya a jihar Oregon ta Amurka mai suna Obon Society na karɓar tutocin daga jikokin sojan Amurka tana nemo iyalan masu su a Japan ta mayar musu. Ni ko da ina so in mayar da tawa, wa zan kai wa? Takardarta, in ba ta ƙone a ruwan bama-baman 1945 ba, tana can cikin aljihun wani tebur, ko a rataye a bangon wani gida da ba su san ina ƙarfen ya shiga ba.

Akwai kuma abin da ba na so in tsallake, tunda malamai da iyaye nake magana da su. Wannan lamba ba abin wasa ba ce. Yaƙin da take tunawa shi ne wanda aka yi kisan Nanjin a cikinsa, a Disamban 1937, inda sojan Japan suka hallaka fararen hula da fursunoni masu ɗimbin yawa, suka ci zarafin mata. Mutumin da ya miƙa wa kakana ita da hannu biyu, wataƙila mai dafa abinci ne ko mai jan alfadari, wataƙila kuma hannunsa da jini. Takardar ce da za ta nuna rundunarsa da shekarunsa, a fara tambaya daga nan. Ba tare da ita ba, kowa na iya ɗora wa ƙarfen labarin da ya ga dama: mai son yaƙi ya ce jarumi ne, mai tausayi ya ce bawan Allah ne da aka tilasta. Shi ya sa nake ganin mai tara ƙarfe zalla ado yake tarawa, mai adana takarda kuma shaida yake adanawa, har da shaidar da ba ta yi wa mai ita daɗi.

Yanzu in zo kan laifina. Tauraron kakana shi ma babu suna a jikinsa, haka Ingila ta ba da shi. Sunansa da lambarsa ta soja suna cikin wani ɗan littafin sallama da aka ba shi a 1946, wanda ya adana shekara kusan hamsin a naɗe cikin tsumma. Bayan rasuwarsa, mahaifiyata ta ce, «Kai ne ɗan lakwal, kai za ka riƙe.» Na fito makarantar horar da malamai ke nan, aka tura ni wani ƙauye. Gwangwanin na sa shi cikin adaka na kulle, don a ganina shi ne dukiya. Littafin kuwa na jefa shi cikin kwalin tsofaffin kaye, a ƙasa, jikin bangon ɗakin laka, na tafi hutun damina. Da na komo a Oktoba, gara ta gina gidanta a cikin kwalin. Abin da ya rage na littafin bai cika tafin hannu ba, kuma ba wajen sunan ba ne.

Ban tsaya nan ba. Don in nuna wa ɗalibai, na goge lambobin biyu da toka da lemun tsami har suka yi ƙyalli. Sai daga baya na ji cewa wannan duhun da shekaru ke sa wa tagulla shi ne kariyarta, kuma masu sani ba su goge shi. Na kankare fikafikan hankakan da hannuna.

Abin da na koya bayan ɓarna ba shi da tsada. Ƙarfe a bar shi yadda yake, a share ƙura da busasshen ƙyalle mai laushi kawai. Masu ado mai launi, irin na jikin langa, in suka faɗi ƙasa suna tsagewa, kuma ba su gyaruwa. Ƙyallen alhariniya rana ce ke cin launinsa, don haka ba a rataye shi inda haske ke bugu. Takarda a shimfiɗe ake ajiye ta tsakanin fararen takardu masu tsabta, cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan wani abu, nesa da bango da ƙasa, a riƙa buɗawa ana dubawa kafin damina da bayanta. Kada a liƙa mata sikoc, yana barin tabo mai ruwan ƙasa da ba ya fita. Kada kuma a kai ta a sa mata filastik da zafi, wannan abin da muke yi wa takardar haihuwa da difloma muna jin mun yi dabara: in an manne, ba a iya cirewa ba tare da an yage rubutun ba. A ɗauki hotonta da salula, a yi fotokopi, a ba wani ɗan'uwa a wani gari. Abu na ƙarshe, wanda masu tara lambobin Japan na kirki suka fi nacewa a kai: kada a raba kayan mutum guda. Mu nan ba kasuwa ke raba su ba, gado ne. Wannan ɗa ya ɗauki lamba, wancan ya ɗauki hoto, takarda ta bi wadda ta fi kusa da adaka.

Na san gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa suna da irin wannan gwangwani, galibi na tsofaffin sojan Faransa, da littafin soja da katin fansho a gefe. Bara na ce wa ƴan ajina na CM2 kowa ya tambayo a gida, ba sai ya kawo komai ba, ya dai rubuto sunan da ke jikin takarda da shekarar. Bakwai suka zo da labarin lamba. Biyu kawai suka zo da suna daga takarda.

Ni kuma na zaunar da mahaifiyata, na rubuta duk abin da take tunawa a kan farar takarda, da Hausa da Faransanci: sunan mahaifinta da na ƙauyensu, shekarar da ya tsallaka, labarin fursunan da tabar, da abin da budurwar nan ta karanta mini. Na sa a ambulan tare da lambobin biyu. Da na tambaye ta lambarsa ta soja, wadda yakan rera mana da Turanci in yana cikin nishaɗi, ta rufe ido ta daɗe. Ta tuna tana farawa da NA, sai huɗu, sai bakwai. Sauran ta ce in bari, wataƙila su zo mata da dare.