Karlsruhe: Inda Masana'antar Harsashi Ta Koma Asibitin Kaset

Wani taron ƙara wa juna sani ne ya kai ni Karlsruhe, birnin da ke kudu maso yammacin Jamus, kusa da iyakar Faransa. Wanda ya dubi taswirar garin zai ga kamar mafici aka shimfiɗa: fada a tsakiya, tituna talatin da biyu sun fita daga gare ta, tun da aka kafa birnin a 1715. A nan ne Heinrich Hertz ya tabbatar da samuwar igiyoyin da rediyo da talabijin ke tafiya a kansu, a ƙarshen shekarun 1880, kuma a nan ne saƙon imel na farko ya sauka a Jamus a 1984. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani dogon gini mai tsawon mita 312, wanda aka gina lokacin Yaƙin Duniya na Farko domin ƙera harsasai, aka kuma yi aikin bauta da mutanen da aka kamo a cikinsa lokacin yaƙi na biyu. Yau shi ne mazaunin ZKM, cibiyar fasaha da kafofin zamani, wadda aka kafa a 1989 ta kuma tare a ginin a 1997.

Da na shiga, abin da ya fara tarbata haske ne. An bar filaye a tsakiyar ginin da rufin gilashi, manyan ginshiƙan kankare na nan yadda masu ƙera makamai suka bar su, sai dai yanzu allunan majigi da akwatunan talabijin ne a tsakaninsu. Na hau wani keke da aka kafe a gaban babban allo. Ina taka feda, sai ga ni ina ratsa titunan wani birni wanda maimakon gine-gine, manyan haruffa ne a tsaye gefe da gefe, mutum na tafiya yana karanta gari. Aikin Jeffrey Shaw ne, ɗan Ostireliya, wanda ya fara nuna shi a 1989. Na sauko ina tambayar kaina: kwamfutar da aka tsara wannan abu a kanta ai ta daɗe da zama tarihi, to wa ya riƙe shi da rai har na zo na same shi yana aiki?

Amsar wannan tambaya ita ce darasin da na ɗauko. Fasahar bidiyo mai zaman kanta ba ta rayu da hazaƙar masu yin ta kawai ba. Mutane iri uku ne suka ɗauke ta, kamar murhu mai duwatsu uku: mai ƙirƙira, da mai tattarawa da tsara baje-koli, da malami mai koyarwa. Sau da yawa ma mutum ɗaya ne ke sanye da hulunan uku.

Dubi Nam June Paik, haifaffen Koriya, wanda ya zo Jamus karatun kiɗa. A 1963, a garin Wuppertal, ya jera akwatunan talabijin da ya taɓa cikinsu har hotunansu suka karkace, ya ce wa jama'a su zo su kalla. Daga nan ne masana da yawa ke fara lissafin tarihin wannan fasaha. Daga baya ya shafe shekaru yana koyarwa a makarantar zane ta Düsseldorf. Dubi kuma Steina da mijinta Woody Vasulka, ita mai goge ce daga Iceland, shi kuma ya karanci fim a Prague. Sun sauka New York a 1965, kuma da suka ga ba gidan da zai nuna irin aikinsu, sai suka buɗe nasu a 1971 a tsohon ɗakin girkin wani otal, suka kira shi The Kitchen. A wannan shekarar ce Howard Wise, wanda ya rufe shagonsa na sayar da zane, ya kafa Electronic Arts Intermix domin tallafa wa masu bidiyo da raba ayyukansu. A Chicago, Kate Horsfield da Lyn Blumenthal suka kafa Video Data Bank a 1976, cikin wata makarantar fasaha, da kaset-kaset ɗin hirarrakin da suka ɗauka da masu zane.

Su ma waɗanda suka raini ZKM haka tafarkinsu yake. Heinrich Klotz, shugabanta na farko, malamin tarihin gine-gine ne, kuma shi ne ya jagoranci kafa makarantar zane da ke zaune a ƙarƙashin rufi ɗaya da cibiyar, domin ɗalibi ya fito daga aji ya tarar da aikin da ake ba shi labari yana gabansa. Peter Weibel, wanda ya shugabance ta daga 1999 har rasuwarsa a 2023, mai ƙirƙira ne, marubuci ne, kuma ya koyar a jami'ar Buffalo ta Amurka, inda su Vasulka suka koyar kafin shi. Babu ɗayansu da ya tarar da kujera tana jiransa. Kowa ya sassaƙa tasa.

Sashen da ya fi taɓa ni ba shi da ƙyalƙyali ko kaɗan. Ɗakin gwaji ne na tsofaffin na'urorin bidiyo, inda aka tara injuna na kowane zamani: masu faifan zare a buɗe, da U-matic, da Betamax, da VHS. Hikimar a fili take, da tsohuwar zuma ake magani. Kaset ba ya magana sai da injin zamaninsa, kuma kamfani na ƙarshe da ke ƙera na'urar VHS ya daina a 2016. Shi kansa zaren kaset yana da ajali. Sinadarin da ke riƙe ƙurar maganaɗisu a jikinsa yana shan laima, ya yi danƙo, ya riƙa bare wa a kan injin, hoto ya tafi ba dawowa. Ma'aikatan irin wannan ɗaki sukan goge zaren, su busar da shi da ɗumi kaɗan na tsawon lokaci, sannan su kwafe shi zuwa kwamfuta kafin ya sake lalacewa.

A nan ne zuciyata ta koma gida. Masana'antar finafinan Hausa a kan kaset aka haife ta, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. Ba gwamnati ce ta kafa ta ba, matasa ne da kyamara ɗaya da kuɗin karo-karo, wato ainihin abin da Turawa ke kira bidiyo mai zaman kansa. Shekaru goma sha wani abu kasuwar Ƙofar Wambai da Bata suna cike da kaset. Ina waɗannan kaset-kaset suke yau? Nawa ne ke cikin kwali a ƙarƙashin gado, zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu suna cin su bi da bi? A cikinsu akwai Hausar shekarun 1990, da suturar lokacin, da titunan Kano kafin gadojin sama, da fuskokin 'yan wasan da suka riga mu gidan gaskiya.

Ɗalibaina kan tambaye ni wane aiki mutum zai samu da karatun fim idan bai zama darakta ko jarumi ba. Na kan yi ta kame-kame. Yanzu ina da amsa. Muna buƙatar wanda zai bi gida-gida da shago-shago ya tattaro kaset, da wanda zai rubuta sunan kowane fim da shekararsa da masu shi, da makanikin da zai raya tsohuwar bidiyo, da wanda zai zauna da furodusoshi a daidaita batun haƙƙin mallaka, da malamin da zai sa waɗannan finafinai cikin manhaja. Ba sai an gina dogon gini ba. Ɗaki ɗaya mai sanyi a wata jami'a, da injuna biyar masu lafiya, da kwamfuta, da mutum uku masu haƙuri sun isa a fara.

Da yamma na fito na tsaya a filin gaban ginin ina jiran jirgin titi, ɗalibai na wucewa a kan kekunansu. Na tuna kwalin kaset ɗin da ke ɗakin ajiyar gidanmu, wanda rabona da buɗe shi an fi shekara goma. Da shi zan fara idan Allah ya mai da ni gida lafiya.